Amsa ga ɗana a sana'a: rol ɗin direba da batun tafiya Kano

Ɗana, na saurari saƙonka har sau biyu kafin in zauna rubuta maka amsa, domin tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye bayan an tashi daga gwaji. Ka ce an kira ka a wani shiri mai dogon zango da za a ɗauka a nan Jidda saboda azumi mai zuwa, an ba ka rol ɗin direban gida, layi huɗu kacal cikin kwana biyu na aiki. Ka ce kuma wani abokinka yana ganin wannan raini ne ga wanda ya shekara uku yana koyo, gara ka haɗa kuɗin jirgi ka tafi Kano, inda a cewarsa za a sa ka jarumi tun a fim ɗin farko. Sannan ka tambaye ni, "Mu'allim, in karɓa ko in tafi?" Shawarata ita ce ka karɓa, kuma ka je wurin aikin da niyyar ɗalibi, domin akwai abin da kwana biyun nan za su koya maka wanda ni na kasa koya maka cikin shekara uku a kan dandamali.

Ka fara da sanin lokacin da Allah ya kawo ka. Sa'ad da aka buɗe gidan sinima na farko a Riyad a watan Afrilu na 2018 kana ɗan makaranta, saboda haka ba ka ɗanɗani zamaninmu ba, lokacin da ƙasar nan ta yi shekara kusan 35 babu sinima. Labarin majigin da ake nunawa a farfajiyar gidaje a Jidda ma a bakin manyanmu muka ji shi. Abin da muke da shi dandamalin makaranta ne, da wasan da akan yi a taron biki, da kaset-kaset na Kano da alhazai ke shigowa da su, mu je Sharar Mansur a Makka mu nemo, mu kalla har kaset ɗin ya gaji. Ni kaina na shekara shida ina ɗaukar ƙarafan fitila da naɗe waya a bayan masu ɗaukar shirin talabijin kafin wani darakta ya ce in furta kalma ɗaya a gaban kamara. Yau kuwa akwai Hukumar Fina-finai da aka kafa a 2020 ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, akwai bikin fina-finai na Bahar Maliya da aka fara a tsohuwar unguwar Balad a Disambar 2021, akwai bikin fina-finan Saudiyya da ake yi a cibiyar Ithra ta Zahran, kuma tun 2022 hukuma take mayar wa kamfanoni wani kaso na kuɗin da suka kashe idan sun ɗauki fim a ƙasar. Wannan ya sa lokeshin ya yawaita, kuma kowane lokeshin yana neman mutanen da suka san aiki. Ƙofar da muka yi shekaru muna ƙwanƙwasawa ce aka buɗe maka ita kaɗan, kai kuma kana auna faɗinta.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke cikin layi huɗun nan. A kan dandamali na koya maka ka buɗe murya har na bayan zaure ya ji, ka faɗaɗa motsi har na nesa ya gani. Kamara ba ta son ko ɗaya daga ciki. Idan aka matso da ita kusa da fuskarka, ɗaga gira kawai ya isa ya zama ihu, kuma ƙaramar makirfon da za a maƙala maka a cikin riga tana jin har haɗiyar yawu. Za a manna wani ɗan tef a ƙasa a ce nan ne wurin tsayawarka, kuma dole ka tako ka tsaya a kansa daidai ba tare da ka sunkuyar da kai ka duba ba, domin a wannan taki ɗaya aka daidaita haske da ƙarfin gilashin kamara. Ka wuce shi da tafin hannu, fuskarka ta dushe, a sake ɗauka, mutum talatin su tsaya jiranka cikin zafin Jidda. Fitowa ɗaya za a ɗauke ta daga nesa, a dawo tsaka-tsaki, a dawo kan fuskar maigidan, sannan a juyo kanka, kuma kowane karo sai ka maimaita abin da ka yi ba ƙari ba ragi. Idan da hannun dama ka miƙa makullin mota a kan kalma ta uku, haka za ka yi sau goma sha biyu, in ba haka ba mai tace hoto ba zai iya haɗa su ba, kuma mafi sauƙi a gare shi shi ne ya yanke ka gaba ɗaya. Wannan ne 'yan Kano ke kira kwantiniti, Larabawa kuma su ce rakor, kuma na ga matasa masu baiwa da yawa da aka daina kira saboda shi kaɗai, ba tare da an taɓa gaya musu dalili ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya, wato sauraro. Sabon ɗan wasa yakan haddace layinsa ya tsaya yana jiran abokin wasansa ya rufe baki domin ya zuba nasa, kuma ana ganin wannan jiran a idonsa ƙarara. Direban da za ka fito zai tsaya ana yi masa magana fiye da yadda shi zai yi, saboda haka yawancin aikinka a cikin shiru yake. Ka tambayi kanka shekara nawa ya yi a gidan, wa yake jin nauyi, wane sirri ya ji a cikin mota ya haɗiye, ko an biya shi albashin watan jiya. Ba wanda zai rubuta maka waɗannan a takarda, amma idan ka san su, yadda za ka ce "to, ya ammi" zai bambanta da na wanda aka ɗauko daga titi. Ka sani kuma ba a jere ake ɗaukar labari ba. Mai yiwuwa a fara da fitowarka ta ƙarshe da sassafe, a yi ta farko bayan isha'i, don haka sai ka riƙe a kanka abin da direban ya sani da abin da bai riga ya sani ba a kowane wuri. Wanda aka ɗora wa jarumi tun ranar farko yana koyon duk wannan ne a idon duniya, kuma kuskurensa yana nan a intanet har tsufansa. Kai za ka koya a inuwa, kana kallon manya suna aiki daga taku uku, ana kuma biyan ka.

Kada ka ɗauka ina raina Kano. Can ne gidan fim ɗin Hausa tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma abin da suka gina da ƙaramin jari ya kai ko'ina Bahaushe yake, daga Yamai har Mai Wurno a Sudan, har ɗakunan iyayenmu a Misfala. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Masana'antar tana da manyanta da iyayen gidanta, tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001 wadda sai ka yi rajista da ita, kuma tun da kasuwar faifai ta mutu aikin ya koma kan shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24, inda matasa ɗaruruwa da aka haifa a can suke layi. Wanda ya ce zai sa baƙon da bai taɓa gani ba ya zama jarumi a fim ɗin farko, ka tambaye shi wa zai biya kuɗin fim ɗin, domin sau da yawa amsar ita ce kai, kuma riyal ɗinka ya hango. Dubi Ali Nuhu, wanda ya fara fitowa a 1999, sai a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, kuma tsakanin nan da can aiki ne na kullum. A nan ma haka take, domin matasan da suka kafa kamfanin shirya bidiyo da fina-finai na Telfaz11 a 2011 sun shafe shekara fiye da goma suna gajerun bidiyo kafin wani fim nasu na barkwanci ya cika gidajen sinima a farkon 2023.

Sannan akwai batun harshe, wanda abokinka bai yi tunaninsa ba. Hausarka ta Makka ce, kana cewa "yalla" da "khalas" da "ba'aden" a tsakiyar jimla ba tare da ka sani ba, kuma kunnen Bakano zai kama wannan tun gaisuwa. A gida wannan ba aibi ba ne, haka muka tashi, amma idan aka ce ka fito ɗan Fagge ko manomin Bichi, sai ka yi watanni kana gyaran baki. Larabcinka na Hijaz kuwa tsaf yake, kuma idan ka ƙara da karin Najdu, wanda shirye-shiryen Riyad ke yawan buƙata, ka zama mutum mai harshe biyu da kari uku. Irinka ba su da yawa. Ranar da wani zai tashi yin fim a kan alhazan da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa suka ratsa Cadi da Sudan suka haye teku daga Sawakin, kamar yadda kakanninmu suka yi, ina so a ce akwai ɗanmu da ya riga ya ƙware, wanda ba za a iya tsallake shi ba. Idan ka je Kano bayan shekara biyu ko uku da bidiyon aikinka na minti biyu a waya, za ka shiga a matsayin ɗan sana'a da ya zo da abin hannunsa.

Na san abin da ke ci maka rai wanda ba ka faɗa ba. Kana ganin saboda launin fatarka aka ba ka direba, kuma ba zan ce maka ƙarya kake ba, domin ni ma na yi maigadi da direba da ɗan aike fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma ka bambanta ƙaramin rol da rol na wulaƙanci. Tuƙi sana'a ce da ta ciyar da gidaje da yawa a cikinmu, kuma babu kunya a fito da direba a matsayin mutum mai hankali da mutunci. Abin da za ka ƙi shi ne inda aka rubuta mutumin domin a yi dariyar fatarsa, ko a ce ka karya Larabcinka da gangan domin a nuna Takari, wato irinmu 'yan asalin ƙasar Hausa mazauna nan, ba ya iya magana. Saboda haka ka nemi a ba ka shafukan fitowarka gaba ɗaya tun kafin ranar aiki, har da abin da wasu za su faɗa a kanka bayan ka fita. Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka sami mataimakin darakta a gefe cikin ladabi ka kawo wata hanyar da za a faɗi layin. Sau da yawa sukan karɓa, domin marubucin bai yi da mugun nufi ba, bai dai taɓa zama da irinmu ba ne. Idan suka ƙi, ka yi godiya ka tafi, ni kuma ina bayanka.

Batun takarda da kuɗi ba zan tsawaita ba, amma kada ka yi wasa da shi. Kana kan igama, wato takardar izinin zaman baƙo a ƙarƙashin kafili mai ɗaukar nauyinsa, kuma ka san dokar ƙasar nan ba ta yarda mutum ya yi wa wanda ba kafilinsa ba aiki sai da izini, don haka ka gaya wa kamfanin matsayinka tun yanzu su bi hanyar da ta dace. Ka karɓi yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da yawan kwanaki, da kuɗin kowace rana, da ranar biya, da yadda za a rubuta sunanka a ƙarshen shiri. Na taɓa yi wa wani kamfani aikin kwana goma sha ɗaya a kan alkawarin baki, aka nuna shirin, ban ga ko riyal ɗaya ba, kuma a watan ne matata ta haihu. Har yau idan na tuna sai in ji zafin abin, shi ya sa nake matsa muku. Kada kuma ka bar aikinka na shago. Aikin fim a nan yana da kaka, yakan yi yawa a watannin da ke gaban azumi, sannan a yi tsit, kuma ɗan wasan da yunwa ta kama shi ne yake karɓar rol ɗin da ya rantse ba zai yi ba. Ka kuma sanar da mahaifinka da bakinka kafin ya gan ka a talabijin, ka nuna masa shafukan idan ya nema.

Ranar aikin ka isa minti talatin kafin lokacin da aka ba ka, ka kashe waya, kada ka ɗauki hoton kowa ko ka saka komai na lokeshin a Snapchat kafin a nuna shirin. Ka gaida masu fitila da mai sauti da 'yan kumbars, wato masu cika taro a fim, kamar yadda za ka gaida darakta, domin su ne ke yawo daga wannan aiki zuwa wancan, kuma daga bakinsu ake jin wanda ya dace a kira. Idan an gama da kai kada ka yi saurin tafiya, ka nemi izini ka tsaya a bayan mai kwantiniti ka ga abin da yake rubutawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka zo gida ranar Alhamis bayan isha'i da shafukan da makullin mota. Zan manna tef a tsakar gida, ƙanenka ya riƙe waya a matsayin kamara, ni in karanta layin maigidan, mu yi ta maimaitawa har sai ƙafarka ta san wurin tsayawarta ba tare da ido ya duba ba.