Re: Ƙaiƙayi bayan tiyatar haihuwa, akwai rigakafi?

Malam, sannu, Allah ya sauki madam lafiya. Ka ce a CS ɗinta na farko, wato tiyatar haihuwa, ta kwana tana sosa hanci da fuska har ta kasa barci, kana tsoron kar a maimaita. Galibi aikin morfin ne, maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake haɗawa a allurar baya, kuma yawanci ba alaji ba ne, ta jijiyoyin laka yake tayar da ƙaiƙayin, shi ya sa Piriton, maganin alaji, bai cika yin komai ba sai dai ya sa ta gyangyaɗi.

Tun kafin ranar aiki ku gaya wa likitan da ke ba da allurar kashe zafi abin da ya faru wancan karon, don Allah kar ku ji nauyi, zai iya rage yawan morfin ɗin ya cike da paracetamol da diclofenac in jikinta ya yarda, wasu kan ba da ondansetron, maganin amai da kan rage ƙaiƙayin, tun a ɗakin tiyata, in kuma ya taso da ƙarfi akwai nalbuphine ko ɗan naloxone kaɗan, magungunan da ke rage wannan illar ta morfin. Yawanci cikin kwana ɗaya yake lafawa.

Amma fa in leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ana tashinta ba ta farkawa sosai, a kira nas nan take.