Tambayoyinku: Tsohon Kan Jirgin Da Ya Haura Shekara 100

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wani koren kan jirgin ƙasa mai kwal, Turawan Ingila sun cika tasha suna kallonsa. An ce sunansa Flying Scotsman. Mene ne tarihinsa, kuma da gaske har yanzu yana tafiya?
Mai karatu daga Ƙauran Namoda

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai zuba kwal ne a reluwe ta Zariya, kuma da warin kwal ɗin rigarsa na tashi.

Da gaske yana tafiya. A garin Donkasta da ke Ingila aka ƙera shi a 1923, bisa zanen injiniya Nigel Gresley na kamfanin jiragen ƙasa mai suna LNER. A 1924 aka kai shi baje kolin Daular Birtaniya a Wembile da lamba 4472, wurin da sashen Najeriya ya samu ganuwa irin ta biranenmu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar 1 ga Mayu 1928, da ya ja fasinja daga Landan zuwa Edinbara, mil 392, kusan awa 8, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ka tambayi kanka, wane ɗan adam ne zai yi awa 8 yana jefa kwal da shebur cikin wuta? Baba kan ce awa biyu a gaban tukunyar nan sai ka matse gumi daga riga. Dabarar da Gresley ya yi ita ce ya fitar da siririn lungu a jikin taragon kwal, ta yadda in an kai rabin hanya, sabon direba da mai zuba kwal za su biyo ta ciki su karɓi aiki jirgi na gudu. Ruwa kuwa, daga dogayen kwatamai da ke tsakanin layin dogo yake kamfata yana wucewa. A 30 ga Nuwamba 1934 ya zama kan jirgi mai tururi na farko da aka tabbatar a hukumance ya yi gudun mil 100 cikin awa.

A 1963, bayan ya ci fiye da mil miliyan 2, aka sallame shi, saura ƙiris ya faɗa hannun 'yan gwangwan. Wani ɗan kasuwa, Alan Pegler, ya saye shi fam 3,000. Ina ganin girman mutumin nan ƙwarai. Ya kai shi yawo Amurka a 1969, tafiyar ta cinye dukiyarsa har ya karye, jirgin ya maƙale a Kalifoniya. Wani ɗan kasuwar, William McAlpine, shi ne ya biya kuɗi ya maido shi gida a 1973. A Ostareliya, cikin 1989, ya yi mil 422 ba tsayawa.

Gidan tarihin jiragen ƙasa da ke Yok ya saye shi a 2004 kan fam miliyan 2.3, mutanen gari suka yi karo-karo a ciki. Gyaransa ya ɗauki shekara 10 da fam miliyan 4.2, ya dawo kan layi a 2016. Wasu sun ce kuɗin sun yi yawa. Ni ban ga haka ba, duk lokacin da na tuna irin kawunan jirgin da Baba ya yi wa hidima, tsatsa na cin su a cikin ciyawa.

Ka sake duba hoton naka. In lambar da ke gabansa 60103 ce, to shi ne, don an sauya masa lamba daga baya.