Tambaya da Amsa: Me ya sa ba a goge tabon da ke hoton sararin samaniya?

Tambaya: Malam, na ji cewa hotunan da na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda ke shawagi a sararin samaniya, take aikowa cike suke da tabo da zane-zane kafin a gyara su. To, me ya hana a goge tabon a cike gurbinsa, kamar yadda muke gyara hoto a waya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai hoton masanin sararin samaniya awo ne, kowane ɗigo a cikinsa lamba ce da ke nuna yawan hasken da ya sauka a wurin. Kyamarar tana kama da ƙananan kwanuka miliyoyi da aka jera don tarar ruwan sama. Wani kwanon a fashe yake, ba ya tara komai. Wani kuma, wanda ake kira ɗigo mai zafi, yana nuna haske ko da an rufe kyamarar ruf. Tauraro mai tsananin haske yakan cika kwanonsa har ya malala cikin na maƙwabta, ƙwayoyin zarra masu gudu a sararin samaniya sukan bugi kyamarar su bar zane, sannan tun da aka fara harba taurarin ɗan'adam na Starlink a 2019, dogayen layukan da suke ja a hotuna sun ƙara wa masu kallo daga ƙasa aiki.

Ka ɗauki misalin malamin makaranta da ɗalibinsa bai zo jarrabawa ba. Idan ya rubuta masa sifili, ya ɓata lissafin matsakaicin makin ajin. Idan ya ƙirƙiro masa maki, ya yi ƙarya. Daidai shi ne ya rubuta "bai zo ba". Don haka masana suke barin lambar gurɓataccen ɗigo yadda take, su haɗa hoton da wani shafi mai girma ɗaya da shi, wanda aikinsa kawai yi wa kowane ɗigo alama, ta yadda manhajar da ke auna hasken tauraro za ta tsallake duk wanda aka yi wa shaida.

Alamar kanta tana faɗin irin laifin. A ɗaya daga cikin kyamarorin Hubble mai suna ACS, 16 na nufin ɗigo mai zafi, 256 kuma ɗigon da ya cika ya tumbatsa, sifili kuwa lafiyayye. An zaɓi lambobi masu ninkawa biyu-biyu ne domin a iya tara su ba tare da ruɗani ba: wanda ya ga 272 ya san 256 ne da 16, wato laifi biyu a ɗigo guda. Wannan dabara tana burge ni, domin mai bincike yana iya yafe wani laifin ya ƙi wani, gwargwadon abin da yake nema.

Gurbin kuma da awo na gaskiya ake cike shi. Ana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa, ana ɗan gusar da na'urar kowane karo, don kada tauraro ya riƙa faɗawa kan mataccen ɗigo ɗaya. Ƙwayar zarra ma da wuya ta bugi wuri guda sau biyu. Wajen haɗa hotunan sai a ɗauki lafiyayyun kaɗai. Wani lokaci manhaja takan yi kuskure ta ɗauki tsakiyar tauraro, inda haskensa ya taru a ɗan ƙaramin wuri, a matsayin bugun zarra, kuma da yake ainihin lambar tana nan, ana cire alamar a sake lissafin.