Kaza Mai Yaji Da Waful A Gida

Tambaya: Anti barka da aiki, yarana sun ci soyayyar kaza da waful (wani irin fanken Turawa mai ramuka) a Ikeja yanzu sun hana ni sakat, na gwada tawa waje ya ƙone ciki ɗanye, ya zan yi? Daga Agege.

Amsa: Ƙanwata wutarki ce ta yi yawa. Abincin baƙaƙen fatar Amurka ne, su da nono mai tsami suke jiƙa kazar, ke kindirmo ya isa, ki zuba yajin suya, tafarnuwa, citta da gishiri ta kwana a firij in NEPA ta yarda. Kazar gidan gona za ki saya, ta Hausa tauri gare ta. Ki mulmula ta cikin fulawa mai barkono ki ajiye minti 10 kafin ta shiga mai, wuta matsakaiciya, cinya na cin kamar minti 15 kuma don Allah kar ki cika kaskon da kaza, mai zai huce ta sha mai.

Waful kuwa fulawa kofi 2, ƙwai 2, madara, bota, bakin hoda (baking powder), sukari kaɗan. Ba ki da injinsa? Tostan sanwici zai yi, ramukan ne kawai babu. Ki yaryaɗa zuma a kai, da ita yajin ke tashi.