Baba ya ƙi dawowa daga Umara: shin tsufa zai hana doka hawa kansa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu shekarunsa 76. Mun haɗa kuɗi mun biya masa Umara a azumin bara. Da ranar dawowa ta zo sai ya zame wa abokan tafiyarsa, ya wuce Madina wurin ɗan ƙanensa da ke aiki a can da igama, wato takardar izinin zama. Ya ce shi ya zo ke nan, a Baƙi'a yake so a rufe shi. Yana da ciwon suga da hawan jini. Yayyena sun ce a ƙyale shi, wai askarawa ba sa taɓa tsoho. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Da gaske ne dokar ba ta hawa kan tsofaffi? In tana hawa, me ya kamata mu yi?

Wata 'yar'uwa daga Funtuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar Baba, ya ƙara masa lafiya.

Malama, dokar tana hawa kansa. Hukuncin da Ma'aikatar Cikin Gida ta Saudiyya ta sake shelantawa a watan Afrilun 2025 ga baƙon da bizarsa ta ƙare bai fita ba shi ne tarar da za ta iya kaiwa riyal 50,000, da ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida, sannan a mayar da shi ƙasarsa. Riyal 50,000 ya haura dala 13,000. A cikin wannan shela babu inda aka ce ban da mai furfura. Bizar Umara kwana 90 ce mafi tsawo, kuma kowace shekara akan sa ranar da duk mai Umara zai bar ƙasar kafin Hajji. A 2025 ranar 1 ga Zulƙida ce, wato 29 ga Afrilu. Tun ranar da Baba ya sauka aka ɗauki hoton yatsunsa da fuskarsa, don haka kwamfutar Jawazat, hukumar shige da fice ta Saudiyya, ta san ya shiga, ta kuma san bai fita ba.

Maganar yayyenki ba a sama suka tsinto ta ba. Gaskiya ne askar ya fi tare matashi a kan titi, domin masu aiki ba izini ake nema. Dattijo mai sanda da carbi yana iya yin shekaru yana zuwa Harami ba wanda ya ce masa kanzil, kuma duk wanda ya san Sharar Mansur a Makka ko Karantina a Jidda ya san tsofaffin takari da suka yi haka. Amma wannan kawar da kai ne na wanda ke bakin aiki a ranar, gobe wani ne zai tsaya a wurin.

Ni abin da ya fi damuna ma ba kamun titi ba ne. Tsoho a asibiti yake haɗuwa da hukuma. Bizar Umara tana zuwa da inshorar lafiya a cikin kuɗinta, wadda ke ƙarewa tare da ita. Yanzu Baba ba shi da wannan. Ranar da sugan ya tashi, ko ƙafa ta yi gyambo, abin da za a fara tambaya a teburin karɓar marasa lafiya shi ne igama ko fasfo mai biza. Saboda tsoron wannan tambaya ake ɓoye tsofaffi a ɗaki ana saya musu magani a kemis har ciwo ya ci ƙarfinsu. Mai ciwon suga da hawan jini kuwa likita yake buƙata a kai a kai. Ko rasuwar da yake fata, ita ma da takardu ake yin ta: sai an tabbatar da ko wane ne, an fitar da shaidar mutuwa da izinin binnewa, sau da yawa har da wasiƙar ofishin jakadancin ƙasarsa. Gawar da ba ta da cikakkun takardu takan daɗe a firji kafin a kai ta makwancinta. Ba na jin Baba ya taɓa kawo wannan a ransa.

Sai ɗan ƙanen nasa, wanda babu mai maganarsa a cikinku, alhali shi ya fi kowa shiga haɗari. Wanda ya ba mai karya dokar zama masauki ko ya ɓoye shi yana fuskantar tarar da ta kai riyal 100,000 da ɗaurin wata shida, in kuma baƙo ne a kore shi. Yaron nan kunya ce ta hana shi cewa baffansa ya tafi. In abin ya fashe, igamarsa da aikinsa da abincin iyalinsa ne za su salwanta. Haka kamfanin Saudiyya da ya fitar da bizar, ana cin sa tarar da ta kai riyal 100,000 in bai kai rahoton wanda ya maƙale ba, shi kuma yakan juyo kan ejan ɗin da ya turo mutumin. Ki bincika takardun da aka sa wa hannu lokacin biyan kuɗi, domin ejan da yawa suna sa a kawo wanda zai tsaya wa matafiyi. Wataƙila ɗaya daga cikin yayyen naki ne.

In an kama mutum, wurin tsare waɗanda za a mayar ake kai shi, wanda mutanenmu ke kira tarhil. Mafi shahara shi ne na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda. A can ake jira har a kammala takardu a samu jirgi, cikin cunkoso, kuma jiran kan ɗauki makonni. Matashi ma yana fitowa a rame, balle mai shekara 76 da ke shan magani safe da yamma. Bayan haka akwai hanin sake shiga ƙasar na shekaru. Wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini, a dokar 2025, tarar da za ta iya kaiwa riyal 20,000 ce da hanin shekara 10. Na kawo wannan ne don na san halin tsofaffinmu: yana Madina, Zulhajji ya kama, zai ce ba zai zauna ba. Ki tuna Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiyar Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Ba su da tanti mai sanyi, ba motar hukuma, da ƙafa suka yi ta tafiya a rana.

Ba Saudiyya kaɗai ba ce, kada a ɗauka ƙiyayya ce. A Amurka wanda ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, hanin shekara 3 ne a kansa. In ya kai shekara guda, 10. Kakar da ta je renon jika ta zarce, hukuncinta ɗaya da na ɗan shekara 25.

Abin yi shi ne Baba ya fito da ƙafarsa kafin a fito da shi. Ɗan ƙanen nasa ya je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda da fasfon Baba da kwafin bizar. In fasfon ya ɓace ko ya mutu, su ke ba da takardar tafiya ta gaggawa, su kuma suka san yadda ake bi da Jawazat a samu izinin fita. A nemi rahoton likita kan sugan da hawan jinin a haɗa. Nan ne kaɗai shekarunsa za su yi masa rana: hujja ce ta roƙon a gaggauta lamarinsa kuma a sassauta. Ku tanadi kuɗin tara da na tikiti tun yanzu, ku kuma kira ejan ɗin ku ji ko an riga an kai rahotonsa. Ku guji 'yan "kawo kuɗi in goge maka suna a kwamfuta". Damfara ce.

Wasu za su ce ku jira afuwa. An yi ta a 2013 zamanin Sarki Abdullah, an sake yi daga 29 ga Maris 2017, inda aka bar mutane suka fita ba tara ba hanin dawowa. In an buɗe irinta kuna cikin shiri, ku yi wuf ku shiga. Amma ba a sa mata rana, suga kuma ba ya jira.

Mafi wuya shi ne shawo kan Baba, kuma ba da lissafin riyal za a shawo kansa ba. Yana riƙe ne da hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Ibn Umar, cewa wanda ya samu ikon ya mutu a Madina to ya mutu a cikinta, domin Manzon Allah (SAW) zai ceci wanda ya mutu a can. Kada ku yi masa gardama a kai, burinsa mai kyau ne. Ku samu malamin da yake jin nauyinsa ya kira shi, ya nuna masa cewa hadisin ya ce wanda ya samu iko, kuma biza alkawari ce da ya ɗauka cewa zai fita a rana kaza. Ya tuna masa cewa Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta ba da fatawa a 2024 cewa bai halatta a tafi Hajji ba izini ba. Sannan a faɗa masa ƙarara abin da zai sami ɗan ƙanensa in aka gano. Dattijon da ba ya tsoron tarhil don kansa, da wuya ya yarda a kori ɗansa daga aiki saboda shi.

Ke kuma ki fara kiran yaron kafin kowa, ba a gaban Baba ba. Ki tambaye shi inda fasfon yake, da ranar da Baba ya ga likita na ƙarshe.