Amsa: Sayar da tsofaffin katirij na firinta a intanet

Kana tambaya ko akwai riba a sayo katirij ɗin tawada da aka yi amfani da su ka sake sayarwa a intanet. Akwai, amma sai a kan masu ɗauke da kan bugawa (sashen da ke fesa tawada a takarda) a jikinsu, irin HP 123, HP 652 da Canon PG-445, kuma waɗanda ba a taɓa yi musu ɗuri ba. Irinsu ne masu cika tawada ke nema.

Sharaɗin shi ne gwaji kafin ka biya. Danna bakin katirij ɗin a kan tishu mai ɗan danshi: baƙi ya bar layi ɗaya, mai kala ya bar uku. In bai bar komai ba, ya bushe, ƙyale shi. Duba tagullar bayansa, in ta karce ko ta yi tsatsa firinta ba za ta gane shi ba. Sai lambar yanki, inda mutane kan yi asara: HP 63 na Amurka da 302 na Turai kamarsu ɗaya da 123, amma firintar da aka saita wa 123 ƙin su take. Na Instant Ink kuwa, wato tsarin HP na biyan kuɗin tawada wata-wata, kada ka taɓa, da zarar rajistar mai shi ta ƙare sun daina aiki.