Dalilin da ban ɗauko Alhaji a sabuwar mota ba

Assalamu alaikum Kawu. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonku ya iso, sau biyu na saurare shi, don na ji nauyin maganar a muryarku. Kun ce Alhaji abokinku ya koma Kano yana ba da labarin cewa na yi sabuwar mota, amma ranar da ya sauka Hamburg a jirgin ƙasa na ɗauko shi, motar kuwa tana ajiye kamar amarya a lalle. Kun tambaya ko haka muke karɓar baƙi a Jamus, ko kuwa zaman shekara 17 ne ya koya mini rowa. Alhaji bai yi ƙarya ba, haka aka yi. Abin ya dame ni tun a ranar, don na ga fuskarsa lokacin da muka ja akwatunansa muka gangara tashar jirgin S1 da ke ƙarƙashin filin jirgin sama.

Na san yadda abin yake a gida. Mutum ya fito da mota daga Legas ko Kwatano, ledar kujeru ma ba a cire ba, babu lamba gaba da baya, ya zaga dangi ana sa albarka, a kai amarya da ita, a je gaisuwar mutuwa da ita, lamba sai ta samu. Rashin lambar ma shi ke shaida wa jama'a cewa sabuwa ce. A nan kuwa motar da ba ta da lamba ko ajiye ta a bakin titi ba a yarda ba, balle a tuƙa ta.

Ni a wajen wani dila a Hannover na sayi tawa, ranar da aka ba ni ta zuwa yin rajista kuma sai cikin mako na gaba. To ta yaya za ta iso gida? Sai da lambar wucin gadi, wadda mu a nan muke kira "mai rawaya" ko "kwana biyar". Farar lamba ce da ke farawa da 03 ko 04, a gefenta na dama akwai rawayan fili da aka buga ranar mutuwarta, rana a sama, wata a tsakiya, shekara a ƙasa. Ɗan sandan da ke bayanka ba ya bukatar tsayar da kai kafin ya karanta. Kwana 5 ne iyakarta, ba a ƙara ko awa ɗaya, kuma mota ɗaya tak aka yanka wa ita. Kafin a ba ka sai ka kawo lambar shaidar inshora da takardun motar. Tun daga watan Afrilun 2015 aka ƙara tsanantawa: tsohuwar motar da takardar gwajin lafiyarta, wato TÜV, ta mutu, wurin gwaji mafi kusa kawai za ta iya zuwa da wannan lamba.

Abin da ya shafi Alhaji shi ne wannan: ba don zirga-zirga ake bayar da ita ba. Doka ta ce a gwada mota da ita, ko a ɗauke ta daga inda take zuwa inda za ta zauna. Ranar Litinin na tuƙo ta zuwa Hamburg, aikin lambar ya ƙare ke nan, ko da yake Juma'a ce ke buge a jikinta. Alhaji ya sauka Alhamis. Da na je filin jirgi da ita aka tsayar da mu, ga akwatuna cike da but, ga baƙo a kujerar gaba, me zan ce ina gwadawa? Tarar ba ita ce abin tsoron ba. Abin tsoron shi ne a ce tsautsayi ya gitta, na bugi motar wani ko, Allah ya kiyaye, mai keke, waɗanda suka cika titunan garin nan. Kamfanin inshora zai biya wanda aka yi wa ɓarna, sannan yana iya juyowa kaina ya nemi wani kaso na kuɗinsa, tunda ba a kan wannan tafiya muka yi yarjejeniya ba. Alhaji kuma baƙonku ne, amana ce a hannuna. Ban ga yadda zan sa shi a motar da na san tafiyarta ba ta kan ƙa'ida ba.

Ya kuma nemi mu wuce Brussels da ita ranar Lahadi, ya ga motoci a unguwar Heyvaert, inda da yawa daga cikin motocin da kuke kira 'yan Beljiyam ke fitowa. A ranar lambar ta riga ta mutu da kwana biyu, inshorar da ke tare da ita ma haka. Tuƙa mota ba inshora a Jamus ba laifin hanya ba ne da za a biya a wuce, babban laifi ne da ke zuwa gaban mai shigar da ƙara, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 1. Ko da tana da rai ma, mai rawaya ta cikin gida ce. Wasu ƙasashe maƙwabta na karɓarta, wasu ba sa karɓa, kuma kai da ke kan hanya ba ka da tabbacin wanda za ka haɗu da shi.

Mai niyyar fita da mota daga ƙasar, wata lamba daban yake yanka, "mai ja". Ita ma ranar mutuwarta na gefe, amma a jan fili, kuma tana iya kai shekara 1 gwargwadon inshorar da aka saya, ana kuma biyan harajin mota a kanta. Da ita 'yan'uwanmu ke tuƙa mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Antwerp in ba a nan Hamburg za su yi lodi ba. Alhaji ya san wannan harka fiye da ni ta ɓangaren can, tun da Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar tudu a farkon 2017 ya koma sauke kayansa a Legas. Ta ɓangaren nan ne bai taɓa gani da idonsa ba.

Akwai ta uku, lambar diloli, mai jan rubutu da ke farawa da 06. Ita ce ta fi jefa mutanenmu cikin matsala, saboda ana cire ta daga wannan mota a sa wa waccan, sai ta yi kama da abin da za a ara. Amma kowace tafiya sai dila ya rubuta ta a littafi, kuma ta sana'arsa ce kaɗai. Wani yaronmu, ɗan kirki mai zuwa masallaci, ya karɓi irinta a hannun ubangidansa ya ɗaura wa motar da ya saya don a kai amaryar abokinsa. Aka tsayar da ayarin. Ubangidan ya rasa lambar da yake cin abinci da ita, yaron kuma, da aka duba, lasisinsa na gida ne, wanda ba ya aiki bayan wata 6 da zama a ƙasar. Har yau maganar tana cikin takardunsa.

Takardu, Kawu, su ne ginshiƙin zamanmu a nan, kuma wanda ke gida ba lalle ya ga haka ba. Bajamushe in ya yi irin wannan kuskure, ya biya ya ci gaba da rayuwarsa. Mu kuwa duk ranar sabunta izinin zama ana buɗe fayil. Tarar kotu a nan da kwanaki ake lissafa ta, gwargwadon abin da mutum ke samu a rana, kuma wadda ta haura ta kwana 90 tana iya toshe wa mutum hanyar zama ɗan ƙasa. Mutum ɗaya a nan, ku kun sani, gida nawa ne ke jiran saƙonsa a ƙarshen wata. Shi ya sa dattawanmu, Hausawan Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana da Togo da muke sallah tare, suka daidaita a kan magana ɗaya: ba a roƙon aron mota mai rawaya ko mai ja, wanda aka roƙa ya hana kuma ba a zarginsa. Ni ina ganin wannan daidai ne, kuma ina cikin masu tuna wa sababbin zuwa.

Ba mu bar zumunci ba. In biki ya taso, tun saura mako biyu ake rubuta masu mota mai cikakkiyar rajista, a raba musu wanda zai ɗauki iyaye mata da wanda zai ɗauki abinci. In ba su isa ba a yi karo-karo a yi haya. Sa albarkar sabuwar mota ma muna yi, sai dai muna jira har farar lamba ta dindindin ta hau. Ranar Juma'ar da ta biyo baya mai ita ya zo da ita masallaci, liman ya yi addu'a, a raba dabino da goro, yara su shiga su fita. Da yawa daga cikinmu kan ƙara Yuro 10 da 'yan kai su zaɓi haruffan da suke so. Ni bayan HH ta Hamburg, KN na sa, don duk safiya in na fito na tuna daga inda nake.

Tawa ta samu lambarta ranar Talata, kwana biyu bayan na raka Alhaji babbar tasha na saya masa tikitin Brussels. Na yi masa bayani a gurguje a kan hanya, amma gajiyar tafiya da sanyi ba su bar shi ya saurara ba, kuma ban so na tsawaita kamar ina yi wa babba karatu. Don Allah ku ba shi haƙuri a madadina, ku karanta masa wannan in da hali. Ya ce zai dawo bayan babbar Sallah. Ku turo mini ranar saukarsa da wuri na nemi hutu a wurin aiki, ni zan ɗauko shi a ƙofar fitowa, in ya so mu wuce har Brussels da ita.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafar yana hannun mai tahowa ƙarshen wata.